Kallon kifin wel da sauka a tsibirin Santa Luzia: wane wata ya dace?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, na daɗe ina tara kuɗi don in kai iyalina mu ga teku. Na ga tallar wata tafiya ta mako guda a jirgin ruwa a tsibiran Cabo Verde. Sun ce za a ga kifin wel, kuma za a sauka a wani tsibiri da ba kowa a cikinsa. Hutun yara a watan Agusta yake, kuma mu uku ne, ni da maiɗakina da ɗanmu mai shekara 11. Shin da gaske za mu ga kifin? Babu hatsari? Kuma me ake zuwa gani a tsibirin da ba mutane, ba ruwan sha, ba inuwa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya cika maka burinka. Tambaya uku ka yi: ko za a ga kifin, ko akwai hatsari, da kuma amfanin sauka a tsibirin da ba kowa. Amma duka ukun a kan kalma ɗaya suka rataya, wato Agusta. Na yi aikin rakiyar baƙi a ƙananan jiragen da ke fita daga garin Sal Rei na tsibirin Boa Vista a Cabo Verde, ƙasar tsibirai da ke cikin teku yamma da Senegal, na kuma sauka a Santa Luzia, tsibirin da ba mutane a cikinsa, tare da masu ƙirga sheƙar kunkuru, don haka zan faɗa maka tun yanzu, kada ka biya kuɗi tukuna. Agusta watan kunkurun teku ne a Cabo Verde. Kifin wel da ake tallar ƙasar da shi a lokacin ya daɗe da komawa arewa.

Me ke kawo shi Cabo Verde

Muna ce masa kifi ne don a ruwa yake, kuma yawancinmu a ƙissar Annabi Yunus, alaihis salam, muka fara jin cewa akwai halitta mai irin wannan girma a teku. Amma a tsarin jikinsa ya fi kusa da saniya a kan tarwaɗa. Da huhu yake numfashi, jininsa mai ɗumi ne, macen tana ɗaukar ciki wajen wata 11 zuwa 12, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi nono. Kada kuma a haɗa shi da giwan ruwa da ake sayarwa a kasuwanninmu, wannan kifi ne na tafki da kogi. Irin da ake zuwa kallo a Cabo Verde shi ne wel mai doro, wanda ya samu sunan daga yadda yake lanƙwasa bayansa in zai nutse. Babba yakan kai mita 14 zuwa 15, nauyinsa wajen tan 30. Fukafukan gefensa kaɗai sukan kai mita 5. Jaririn da aka haifa yau ya wuce mita 4.

Rayuwarsa kashi biyu ce, kamar ta makiyayi mai mashekari da wurin cin rani. Daga tsakiyar shekara zuwa ƙarshenta yana can ruwan sanyi na wajen Norwe da Aisland yana kiwo. Ba shi da haƙora. Wasu faifai ne jere a muƙamuƙinsa na sama masu gashi kamar tsintsiya, sai ya kamfaci ruwa cike da baki, ya tace, ƙananan kifaye da 'yan jatan lande su rage. In ya tara kitse, sai ya kamo hanyar kudu, tafiyar da takan wuce kilomita 6,000, zuwa ruwa mai ɗumi marar zurfi inda za a yi barbara da haihuwa. Gefen Boa Vista, musamman mashigin Sal Rei, irin wannan wuri ne. Sukan fara bayyana wajen Fabrairu, su yi yawa a Maris da Afrilu, zuwa ƙarshen Mayu sun watse.

Abin da nake so ka riƙe shi ne a duk tsawon zamansu a nan kusan ba sa cin komai. Uwar da za ka gani da ɗanta watanni ta yi ba ta ci ba, kuma kullum tana tatsar kitsen jikinta tana mai da shi nono mai kauri. Kafin ta koma wurin kiwo tana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Mai jego ce da ba a dafa mata komai. Duk wata doka ta kallon wel da za ka ji, daga nan ta samo tushe.

Kuma ba su da yawa. A ƙarni na 19 jiragen farautar wel na Amurka, musamman daga New Bedford, sun yi ta zirga-zirga a waɗannan tsibirai suna kashe su don mai, suna kuma ɗaukar samarin tsibiran Brava da Fogo aiki. Shi ya sa har yau akwai jama'ar Cabo Verde masu yawa a jihar Massachusetts, inda garin New Bedford yake. An dakatar da farautar wel don kasuwanci a duniya daga 1986, kuma a wurare da dama sun farfaɗo sun kai dubbai. Na Cabo Verde kuwa, ƙiyasin masu bincike bai kai 300 ba. Ana gane kowanne ne da zanen baƙi da fari da ke ƙarƙashin wutsiyarsa, wanda ba ya zama ɗaya da na wani. Ta hoton wutsiya aka tabbatar cewa wanda aka gani a Boa Vista shi ne aka sake gani a Norwe. In ka samu hoto mai kyau, za ka iya tura shi shafin Happywhale a duba ko an san shi.

Matsalar Agusta

To me mai tallar yake nufi da ya ce za a ga wel a Agusta? Akwai hanya biyu da maganarsa za ta iya zama da ƙamshin gaskiya. Ta farko, akwai wasu dangin wel da ba sa barin ruwan tsibiran, kamar ƙananan baƙaƙen nan masu dunƙulallen kai da ke yawo garke-garke, da kuma dolfin. Ana iya cin karo da su kowane wata a ruwa mai zurfi tsakanin tsibirai, kuma ganinsu abin farin ciki ne. Ta biyu, an taɓa ganin wel mai doro ɗaiɗai a Cabo Verde a ƙarshen damina, waɗanda suka fito daga kudancin duniya, inda lokutan shekara suke akasin na arewa. Amma wannan tsintuwa ce, ba abin da mutum zai ɗauki iyalinsa da tarin shekaru ya dogara da shi ba.

Rubuta musu ka yi tambaya guda: wane irin wel kuka gani a Agustan bara, kuma a kwana nawa cikin kwanakin da kuka fita? Kamfanin kirki yana da littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum, kuma ba zai ji haushin tambayar ba. Wanda ya amsa maka da "tabbas za ku gani" ka bar shi. Ko a tsakiyar Afrilu ban taɓa yi wa baƙo alkawari ba.

In kuwa Agustan ne dole kuma wel ɗin ne a ranka, to ka juya kudu. Waɗanda ke kiwo a gefen Antatika sukan hauro zuwa mashigin tekun Gini daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ana ganinsu a gaɓar Gabon da tsibiran São Tomé da Príncipe, har da gaɓar Jamhuriyar Benin. Ni ban yi aiki a can ba, don haka ba zan zaɓa maka jirgi ko gari ba, amma watan ya dace da su.

Ranar fita

Bari in kwatanta maka yadda ranar take a lokacin da ya dace, don ka san abin da kake saye. Ana fita da safe kafin iska ta tashi. Awa ta farko sau da yawa ba komai sai ruwa. Kowa ya zuba ido inda sama ta haɗu da teku, ana neman wani farin feshi da ke tashi kamar mita 3 ya baje kamar hayaƙin murhu, iska ta ɗauke shi cikin daƙiƙa biyu. Numfashinsa ke nan. In an hango, matuƙi ya rage gudu, ya bi ta gefe, ya tsaya. Wel ɗin zai yi numfashi sau uku ko huɗu, ya lanƙwasa baya, wani lokaci ya ɗaga wutsiya, ya nutse minti biyar, goma, ko sama da haka. Sai jira.

Wata safiya a cikin Afrilu muka kashe inji a bayan ɗan tsibirin da ke tare bakin Sal Rei. Uwa ce kwance a saman ruwa ba ta motsi, bayanta baƙi yana sheƙi kamar dutsen da ruwa ya jiƙa. Ɗan kuwa bai zauna ba. Ya zagaya ta, ya hau kan hancinta ya zame, ya nutse ƙarƙashinta ya daɗe, alamar yana shan nono, ya fito ya yi ɗan feshinsa gajere. Da ta saki nata numfashin, ƙarar ta zo kamar an buɗe bakin babbar taya, warin kuma ya iso mu, wari mai nauyi na cikin teku. Muka zura makirufon ruwa, sai ga muryar wani namiji daga nesa, gurnani da kuka da wani sauti kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, yana maimaitawa a tsare. Maza ne kaɗai ke wannan rerawa, kuma duk mazan yanki guda salo ɗaya suke bi, yana sauyawa a hankali daga shekara zuwa shekara. Wata dattijuwa da ke cikin jirgin ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba, tasbihi kawai take yi.

Na kuma ga akasin haka. Wani matuƙi, don baƙinsa su samu hoto, ya bi wata uwa da ɗanta ta baya da gudu, ya sha gabansu har sau biyu. Uwar ta daina hutawa, ta tura ɗan gaba, suka nufi ruwa mai zurfi inda igiya ta fi ƙarfi. Baƙin sun yi tafi, ni kuwa ranar ban iya cin abinci ba. Ƙarfin da ta kashe a wannan gudu daga kitsen da za ta shayar da ɗan ya fito, kuma ba ta da inda za ta mayar da shi sai ta yi tafiyar dubban kilomita. Ƙa'idar da aka fi bi a ƙasashe da yawa ita ce kada jirgi ya matsa ƙasa da mita 100, kada ya zo ta gaba ko ta baya, kada ya shiga tsakanin uwa da ɗa, kada kuma a daɗe a kansu. In shi ya ga dama ya matso da kansa, sai a tsayar da farfela a bar shi. Ka tambayi kamfanin ko akwai masanin halittun ruwa a jirgin, kuma mita nawa suke tsayawa. In kana ciki ka ga ana kora, kana da bakin magana, kuɗinka ne.

Santa Luzia

Cikin tsibirai 10 na Cabo Verde, 9 ne ke da mutane. Na goman shi ne Santa Luzia, kuma kusan tabbas shi tallar ke nufi. Faɗinsa wajen murabba'in kilomita 35, dutsensa mafi tsawo mita 395. Yana tsakanin tsibiran São Vicente da São Nicolau, sama da kilomita 200 yamma da Boa Vista, don haka wurin wel da wurin tsibirin ba maƙwabta ba ne, akwai kwana a teku tsakaninsu. An taɓa zama a kansa ana kiwo, fari ya kori mutane, har yanzu akwai kangon gidajensu na dutse. Yau masunta ne daga São Vicente, musamman ƙauyen Calhau, ke kwana a can na 'yan kwanaki. Tun 1990 aka keɓe shi tare da ƙananan tsibiran Branco da Raso a matsayin wurin kare halittu. Sauka a Santa Luzia sai da izinin hukumar muhalli, su Branco da Raso kuwa na masu bincike ne, baƙo daga jirgi yake hangensu. Ka ce a nuna maka takardar izinin kafin ka biya.

Babu tashar jirgi. Ana tsayawa nesa kaɗan, a shiga kwalekwalen roba mai inji, a jira igiya ta lafa, a dira cikin ruwa zuwa gwiwa ko ƙugu. Waya da takardu a leda mai zif. Da ka taka yashi abin da zai fara kama ka shi ne shiru, sai iska kawai. Ƙasar ja ce da baƙin dutse, ciyawa gajera busasshiya, wanda ya san arewacin Agadas ba zai ji baƙunta ba, sai dai a nan hamadar ta ƙare ne a cikin shuɗin ruwa.

Ka ce me ake gani? A nan ne Agustanka ya yi rana. Daga wajen Yuli zuwa Oktoba kunkurun teku mai babban kai ke fitowa da dare ya yi ƙwai a yashi, kuma Cabo Verde na cikin wuraren da suka fi yawan sheƙarsa a duniya, tare da Florida da Oman. Da safe za ka ga sawunsa daga bakin ruwa zuwa tudu kamar an bi da tayar tarakta, ya hau ya sauko. A ƙarshen sawun akwai rami da aka rufe, cikinsa ƙwai masu yawa, kowanne kamar ƙwallon tebur. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fasa su nufi ruwa. Zafin yashin ne ke sa su zama maza ko mata, in ya yi zafi sosai mata su fi yawa. Yaro mai shekara 11 da aka durƙusa aka nuna masa wannan ba zai manta ba. Ganin uwar tana haƙa kuwa ya fi sauƙi a Boa Vista ko tsibirin Sal, inda ake fita da dare da jagora mai izini, da jar fitila, ba a haska mata farin haske.

Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa, bai fi gwara da yawa ba, wanda kafin 2018 a duk duniya a tsibirin Raso kaɗai ya rage, wurin da bai wuce murabba'in kilomita 7 ba. Haihuwarsa ta dogara da ruwan sama kamar yadda manomi ya dogara da damina. A tsakiyar shekarun 2000 yawansa ya faɗi ƙasa da 100, da aka samu shekarun ruwa ya haura 1,000. A ƙasa yake sheƙa, shi ya sa kyanwowin da mutane suka bari a Santa Luzia, inda shi ma ya taɓa rayuwa, suka zama masa annoba. An yi aikin kawar da su, kuma a 2018 aka ɗebo wasu daga Raso aka saki a Santa Luzia, aikin da ƙungiyar Biosfera ta Mindelo, babban garin São Vicente, ke cikinsa. Saboda haka in jagora ya ce a kakkaɓe jaka da takalmi kafin a sauka, ko ya hana yaro gudu cikin ciyawa, ku bi. Ɓera ɗaya a cikin kwali ko taku ɗaya a kan sheƙa ya isa ɓarna. Wani ƙaton ƙadangare da ya taɓa rayuwa a Branco da Raso ya riga ya ƙare, sai a gidan tarihi ake ganinsa.

Abu guda zai ɓata maka rai. A gaɓar arewa, wadda ake kira Achados, igiya na tara tarkacen teku: tsofaffin komaye, igiyoyi, robobi masu rubutun ƙasashe daban-daban. Na ciro ɗan kunkuru da bai kai tafin hannuna ba daga cikin zaren koma, yana ta fafutuka, ruwa na gabansa da taku goma. Masu sa kai na kwashe shara a nan duk shekara, teku na sake kawowa.

Hatsari da shiri

Wel ba ya farautar mutum, kuma jirgin da ya tsaya inda ya kamata ba shi da abin tsoro daga gare shi. Abin da nake tsoro teku ne da rana. Daga Disamba zuwa wajen Afrilu iskar arewa maso gabas na kaɗawa da ƙarfi, wato lokacin wel shi ne lokacin da mashigin São Vicente da Santa Luzia ya fi tashi, ko da yake faɗinsa wajen kilomita 8 ne kawai. Sau da yawa a kan soke sauka. Matuƙin da ya ce yau ba za a sauka ba, ka gode masa. A Agusta iska ta fi lafawa, sai dai lokacin ruwa ne, kuma wani lokaci yakan zo da ƙarfi, kamar ambaliyar da ta yi ɓarna da asarar rayuka a São Vicente a Agustan 2025. Hazon hunturu da muka sani shi ma yana tsallaka teku ya rufe tsibiran tsakanin Disamba da Fabrairu, har jiragen sama su kasa sauka. Su suna kiransa bruma seca.

Kowa ya sa rigar ceto, kuma ka tabbatar akwai daidai jikin yaron, ba ta manya da za ta suɓule masa ba. Wanda bai saba da teku ba zai iya fama da jiri da amai. Ku ga likita kafin tafiya ya rubuta maganin da ya dace da kowa, musamman yaron, ana shansa ne kafin a hau, kuma yana sa barci. Ku ci abu kaɗan marar maiƙo, ku zauna tsakiyar jirgi a fili, ido a nesa, ba a kan waya ba. Citta na taimaka wa wasu. A tsibirin ba ɗigon ruwan sha, ba inuwa, ba asibiti, don haka kowa da ruwansa lita biyu ko uku, da malafa, da takalmi rufaffe. Kada a yi wanka a gaɓar arewa.

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Abincin ƙasar da ake kira cachupa, na masara da wake, yawanci da naman alade ake yinsa, sai ku ce a yi muku na kifi, ku kuma sanar da jirgin tun kafin ku zo. Cabo Verde na cikin ECOWAS, amma ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki, ka kuma tabbatar da sharuɗɗan shiga a ofishin jakadancinsu. Mai fasfon Nijar ya ƙara bincike, tunda ƙasar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. In jirginku zai bi ta Lisbon, mai fasfon Najeriya na buƙatar bizar wucewa ta filin jirgi, don haka ka fara duba hanyar Dakar ko Kasabalanka. Kuɗinsu eskudo ne, an ɗaure shi da yuro, wajen 110 a yuro ɗaya.

Da ni ne kai, Malam, zan zauna da uwargida da yaron in tambaye su wanne suka fi so. In wel ne, ku ɗaga tafiyar zuwa hutun ƙarshen zango na biyu, wanda yakan faɗo wajen Afrilu. Ku sauka a Sal Rei kwana biyar ko shida, ku yi rajistar fita sau biyu ko uku a ranaku daban-daban maimakon sau ɗaya, ku fara tun washegarin isowarku don a samu ranar ramuwa in iska ta hana. Wannan ya fi jirgin mako guda sauƙi ga wanda bai taɓa kwana a teku ba, don kullum za ku dawo ku kwanta a ƙasa. In kuma Agustan ne ba makawa, ku tafi da niyyar kunkuru da Santa Luzia, ku nemi jirgin da ke tashi daga Mindelo da izini a hannu, ku ware dare ɗaya a Boa Vista ko Sal don ganin uwar tana yin ƙwai. Ka saya wa yaron madubin hangen nesa nasa na kansa da ɗan littafin rubutu, ya riƙa rubuta lokaci da wurin duk abin da ya gani.